Hoto Nawa Kyamararka Ta Ɗauka Kafin Ka Jefa Ta Durowa?

'Yar yayata ce ta tono maganar. Ta zo gaishe mu wata Asabar da la'asar, bayan an gama gaisawa ta gyara zama ta ce, "Kawu, wai ina 'yar kyamarar nan taka mai ruwan azurfa, wadda kake ɗaukar mu da ita muna yara?" Na ce tana nan cikin shirgi, amma me za ki yi da ita, ke da wayarki ta ninka tawa tsada? Ta kwashe da dariya. "Ai Kawu ita ake yayi yanzu."

Na fi rabin awa ina birkita durowa kafin na zaƙulo ta, a ƙarƙashin tsofaffin takardun kuɗin wuta da cajojin wayoyin da suka daɗe da mutuwa. Batirin ya kumbura, ya ƙi fita sai da na sa masa bakin wuƙa. Katin memorin kuwa ras yake. Na zura shi a kwamfuta, na gangara can ƙasa, na duba lambar hoton ƙarshe: 1847. A 2009 na sayi kyamarar, hoton ƙarshen kuma na 2014 ne. Shekara biyar ke nan, hoto 1,847.

Ga wanda bai taɓa lura ba, kyamarar dijital tana raɗa wa kowane hoto suna da lamba a jere. Canon kan fara da IMG, Nikon da DSCN, Sony da DSC, sai lamba ta biyo baya har 9999, in ta ƙure ta koma farko. Ba shaida ba ce da za ka kai gaban alƙali, domin sauya kati ko taɓa saiti na iya mayar da ƙidayar baya ko ya tsallakar da ita gaba. Amma ga irina da ya sayi tasa sabuwa dal a kwali, ya yi ta fama da kati ɗaya tilo, lambar ba ta ƙarya.

In ka raba 1,847 gida biyar, za ka samu wajen 370 a shekara, kusan hoto guda kullum. Da haka abin yake da ban ɗauki biro ba. Sai dai da na haɗa da waɗanda na taɓa juyewa a faifan CD, na bi kwanakin watan ɗaya bayan ɗaya, sai na ga hotunan tsibi-tsibi suke kamar tumatir a kasuwa. Ƙaramar Sallah tsibi guda, Babbar Sallah tsibi guda, bikin ƙanwata, sunan 'yata ta fari, ranar da muka kwashi yaran gida muka je Tiga suka ga ruwa. Kwanakin da na kunna ta gaba ɗaya ba su cika 60 ba. Sauran kwana 1,700 da ɗoriya tana kwance cikin 'yar jakarta, ni kuma ina yawo a gari ina kiran kaina mai sha'awar ɗaukar hoto.

Na sa abokai da 'yan uwa da na san sun riƙe irin waɗannan kyamarori su duba nasu. Hira ce kawai, amma ban samu ko mutum uku da lambarsu ta haura 5,000 ba. Abin da na tsaya a kai ke nan: yawancinmu 'yan sha'awa ba mu ci moriyar ƙananan kyamarorinmu ba. Riƙon kwanukan jere muka yi musu, irin waɗanda amarya ke shiryawa a kabet, a goge su duk Juma'a, amma ko malmalar tuwo ɗaya ba ta taɓa shiga ciki ba. Muna cewa tattali muke yi. Tattalin ne ya kashe da yawa daga cikinsu, ya kuma jawo mana asarar abin da ya fi kyamarar daraja.

Yayana ya sauke farali a 2010, ya sayo tasa a can, irin mai cin ƙananan batura biyu kamar na rimot. Ya ɗauki hoto 212: Madina, Mina, tantunansu, abokan ɗakinsa, da jirgin da ya dawo da su. Sati biyu kyamarar na zagaya hannun masu zuwa sannu da zuwa, kowa na leƙa ɗan allon bayanta yana Allah ya maimaita. Daga nan ya naɗe ta a cikin sabuwar darduma ya sa a akwati, ya ja kunnen yara kar wanda ya taɓa. Ajiya dai, an ce, maganin wata rana. Wata ranar ta zo bayan shekara biyu, ranar ɗaurin auren 'yarsa. Ya buɗe murfin batir sai ga wani farin gari mai ratsin kore ya cika wurin. Baturan sun yi amai, sun cinye ƙarafunan da ke karɓar wuta. Mai gyara ya jujjuya ta, ya kankare da allura, ya miƙo masa ya ce, "Alhaji, wannan sai dai haƙuri." Hoto 212 ke nan rayuwarta duka. Ba ta taɓa faɗuwa ba, ko ƙwarzane babu a jikinta.

Mutum ɗaya na sani da ya saɓa wa wannan hali, wani dattijo malamin gona da muke sallah masallaci ɗaya. Kyamararsa a aljihun gaban rigarsa take zaune, tare da biro da ɓarin goro. Ƙidayarta ta ƙure ta koma farko sau uku, wato ta kai hoto 30,000 har da ɗoriya, kuma har yau tana aiki. In ka gan ta sai ka tausaya mata. Fentin kusurwoyin ya goge har ƙarfe ya fito, alamomin da ke kan maɓallan sun shafe, shi kaɗai ya san wanne ne wanne, murfin batirin kuma salatif ke riƙe da shi. Sau ɗaya idonta ya taɓa maƙalewa, yashi ya shiga, aka buɗe aka hure aka mayar.

Ya taɓa zaunar da ni gaban kwamfutarsa. Babu hoton da zai ci gasa a ciki. Ganyen masara da tsutsa ta rarake, tun daga 2016 da baƙuwar tsutsar nan ta shigo ƙasar ta addabi manoma. Buhunan riɗi a Dawanau. Shanu a karar Wudil. Rumbun ƙasa mai hular ciyawa, a wani ƙauye da yanzu kowa ya koma sito na bulo. Akwai wata rijiya da ya ɗauka rani da damina shekara shida a jere, kana ganin yadda ruwan ke ja da baya. Na ce, "Malam, ba ka tsoron ta lalace?" Ya ce, "Injin ban-ruwa da aka jingine shekara guda da wanda ke aiki kullum, wanne ya fi saurin tashi?" Ban ba shi amsa ba, don ni ma ina da janareta.

Tsoron da ya sa na yi masa tambayar, aro muka yi daga masu manyan kyamarori. A cikin kyamara akwai wani ɗan labule da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka danna, kamar ƙiftawar ido, shi ke ba haske hanya. Masu ƙera manyan kyamarori kan faɗi adadin ƙiftawar da suka gwada labulen zai jure: 100,000 a masu sauƙin kuɗi, 400,000 ko fiye a na ƙwararru. Shi ya sa mai sayen babbar kyamara ta hannu yake tambayar ƙifta nawa ta yi, kamar yadda mai sayen mota 'yar Kwatano ke leƙa mita. Ga mai hoton biki, da kan fito daga kamu da dina da ɗaurin aure da hoto dubu biyu a mako guda, tambayar na da ma'ana. Ga ɗan sha'awa mai 'yar kyamarar aljihu kuwa, abin dariya ne. Masu ƙera ƙananan galibi ko ambaton wannan adadi ba sa yi. In ma ka ari mafi ƙanƙantar, 100,000, ka auna da tafiyata ta 370 a shekara, sai na shekara 270 kafin labulen ya gaji. Jikokin jikokina ne za su kai ta gyara.

Abin da ke kashe ƙaramar kyamara daban ne, kuma kusan duka a durowa yake iske ta. Batirin litiyam in aka bar shi fanko shekara da shekaru yakan mutu murus ko ya kumbura, irin nawa. Na rimot su yi amai, irin na Yaya. Danshin damina yakan haifar da fumfuna a cikin gilasan idon, siraran zare kamar saƙar gizo-gizo, ba ta goguwa ta waje. Man da ke sa bututun zum ya zamo waje yakan daskare, 'yan haƙoran roba da ke tura shi su gaza. Sai kuma mutuwar da ba ta taɓa jikin kyamarar ba sam: caja ta ɓace wajen tashi daga gida, ko kati ya ƙare a kasuwa. Tsofaffin Sony da Memory Stick suke aiki, tsofaffin Olympus da Fujifilm da kati mai suna xD, da yawa daga waɗanda aka ƙera kafin 2006 kuma ba sa karanta katin SD da ya wuce giga 2. Je ka nemi waɗannan yau ka ga irin kallon da masu shago za su yi maka.

Ban ce aiki ba ya cin kyamara ba. Ƙurar hunturu babbar abokiyar gaba ce ga idon da ke fita yana komawa, domin duk motsin da ya yi sai ya shaƙi iska da abin da ke cikinta. Wadda ke yawo a aljihu kuma wata rana za ta suɓuce ta daki siminti. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wadda ta mutu a hoto na 30,000 ta biya kuɗinta har da riba. Ta Yaya da bashinsa ta tafi.

Na daɗe ina tunanin abin da ya ɗaure mana hannu, na ga gado ne. Mu da muka tashi zamanin fim mun san hoto da tsada. Fim ɗaya hoto 24 ne ko 36, ka saya da kuɗi, ka kai wanki da kuɗi, ka jira kwanaki, sannan a ba ka ambulan ka tarar rabi sun ƙone ko an yanke wa Baba hula. Ranar Sallah mai hoto ya zo a kan keke da kyamara rataye a wuya, a jera mu a jikin bango, manya a baya yara a gaba, ya ce kar wanda ya motsa. Ƙifta ɗaya, shi ke nan, sai wata Sallar. Hotunan nan 1,847 da nake rainawa sun kai fim 51 mai 36. Mahaifinmu bai ƙarar da rabin haka ba a duk rayuwarsa. Tun 1995, da kamfanin Casio ya fito da QV-10 mai allo a baya, mutum ya samu damar ya ɗauka, ya duba nan take, ya goge in bai yi ba, ko sisi bai kashe ba. Kuɗin ƙifta ya faɗi warwas, amma hannunmu bai saki ba. Muka ci gaba da jiran ranar hoto, ranar da kowa ya ci ado.

Shi ya sa in ka bi hotunana, shadda ce da leshi daga farko har ƙarshe. Kowa a tsaye, kowa na kallon kyamara, kowa da murmushin da aka ce ya yi. Babu Hajiya tana tankaɗe. Babu almajirin gidanmu da ya shekara bakwai tare da mu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zauren gidanmu, zauren ƙasa mai ɗaurin guga, azararsa ta yi baƙi don tsufa, ga dakalin da mahaifinmu ke zama a kai bayan magariba. A 2013 aka rushe shi aka yi na bulo da get ɗin ƙarfe. Ina tsaye aka yi, da kuɗina ma a ciki, kyamarar na ɗaki taku goma daga wurin. Ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba cewa zaure abin ɗauka ne, tunda ba Sallah ake ba. Yau in 'yata ta tambaye ni yadda yake, da hannu nake kwatanta mata. Haka birnin Kano ma: a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina wata a gurbinta. Na bi ta cikin tsohuwar ba adadi, ba ni da hotonta ko ɗaya.

Wani zai ce duk wannan ihu ne bayan hari, waya ta riga ta raba gardama. Alƙaluma ma sun goyi bayansa. Ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan, CIPA, ta ƙidaya kyamarorin dijital sama da miliyan 121 da aka fitar kasuwa a 2010, sama da miliyan 108 daga ciki ƙanana ne masu ido a manne. A 2023 ƙananan ba su kai miliyan 2 ba. Inda aka sayar da sittin a 2010, ɗaya aka sayar a 2023. Shi kansa Casio ya tattara ya bar sana'ar a 2018. Kuma gaskiya ce, waya mai matsakaicin kuɗi ta yau ta fi tsohuwar kyamarata iya hoton dare nesa ba kusa ba, domin ita hotuna da yawa take ɗauka a dannawa guda ta narka su su zama ɗaya. Kamfanin da ke yin Tecno da Infinix da itel ma, cikin abin da ya ja masa kasuwa a Afirka har da saita kyamarar wayoyinsa ta fito da baƙar fata yadda take, abin da tawa kyamarar ba ta taɓa damuwa da shi ba.

To amma buɗe taka wayar ka duba abin da ke ciki. Tawa tana nuna mini abu 11,000 da ɗoriya. Na zauna na tantance: risit na tura kuɗi, katin gayyatar ɗaurin aure, barka da Juma'a mai furanni, hoton mitar wuta, bidiyon da aka turo zauren 'yan ajinmu wanda ban taɓa buɗewa ba. Waɗanda na tsaya na ɗauka don abin ya burge ni ba su kai na kyamarar ba. Su ɗin ma ina tabbacinsu? Waya ta huɗu ce a hannuna tun 2014. Ɗaya an ƙwace a cikin adaidaita sahu, ɗaya ta faɗa bokiti, ɗaya ta ƙi tashi aka yi mata filashin komai ya tafi. Abin da ya tsira shi ne wanda na taɓa tura wa wani, shi ma manhajar aika saƙo ta matse shi, in ka ce a wanke maka babba sai fuska ta farfashe. Katin da ya shekara goma a durowa kuwa ya kawo mini nasa cif, ba wanda ya yi ko ciwon kai. Sa'a na taka, na sani, don shi ma kati ba ya dawwama.

Akwai kuma inda har yanzu ƙaramar kyamara ta yi wa yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu zarra. Zum na gaskiya, wanda gilasai ke motsawa su jawo nesa kusa. Akwai 'yan ƙanana da ke shiga aljihu, irin jerin TZ na Panasonic, masu jawowa ninki 30. Wanda ya taɓa tsayawa cikin cincirindon Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san bambancin. Mai waya yana ware yatsu a kan allo yana samun launi dusu-dusu, mai kyamara yana ganin gumin da ke bin fuskar ɗan lifida. Hawan nan da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2024, yawancin abin da 'yan kallo ke komawa gida da shi ƙeyar mutanen gabansu ce. Sannan a irin wannan turmutsutsu, gara in ɗaga abin da ba shi da lambar kowa, ba shi da manhajar banki, da in ɗaga waya. Abin da na fi so kuwa, ba a kiran mutum a kyamara. Ba saƙon da zai faɗo kana tsakar saita doki ya ce maka kuɗin makaranta ya ƙaru.

Kar a ɗauka yawan lamba nake wa kirari. Na san wani matashi da ke danne maɓalli ya bar kyamara ta yi ta tatata kamar keken ɗinki, ya dawo daga yawon yamma ɗaya da hoto 600, ya juye a kwamfuta, shi da su sai a lahira. Shi ma bai mori kyamara ba, wahalar da ita kawai ya yi. Aikin da nake nufi shi ne yawan kwanakin da ta fita tare da kai. An yi wata mata a Amurka, Vivian Maier, mai aikin rainon yara a gidajen mutane a Shikago, ta shafe shekaru da dama ba kasafai take fita ba kyamara ba. Rolleiflex ɗin da ta fi riƙewa hoto 12 kacal take ɗauka a fim guda. Da haka, kaɗan-kaɗan, ta tara sama da 100,000, duniya ba ta sani ba sai bayan da aka yi gwanjon kayanta a 2007 saboda bashin kuɗin ajiya. Abin da ta ɗauka kuwa masu jiran mota ne, da yara a bakin titi, da tsofaffi masu cefane, irin abin da ni nake wucewa ban kalla ba. Ita ɗin ma ina da ƙorafi a kanta, don ta bar tarin fim da ko wanki ba ta kai ba. Malam ya fi ta a nan. Duk ƙarshen wata yakan zaɓi goma ko ashirin ya kai a wanke masa.

Uzuri guda na yarda da shi. A garuruwanmu kyamara tana jawo ido yadda waya ba ta yi. Mutum goma za su ɗaga waya a kasuwa ba mai ce musu kanzil, kai ka fito da 'yar kyamara a ce, "Malam, daga wace jarida?" ko "Wa ya aiko ka?" A halin tsaron da ake ciki ban ga laifinsu ba, kuma mai hankali ba ya nuna kyamara wajen shingen jami'an tsaro ko bariki. Matan mutane da 'ya'yansu ba a ɗauka sai da izini, dattawan da ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini kuma a bar su da abinsu. Shi Malam sai ya yi sallama, ya zauna, an taɓa hirar damina da farashin taki, sannan ya ce, "Baba, in ɗauki rumbun nan?" In ya sake komawa ƙauyen sai ya tafi da hoton a wanke ya ba mai rumbu. Yanzu akwai garuruwan da tun bai kashe babur ba ake kiransa ya zo ya ɗauki sabon ɗan maraƙi.

Maganar yayi kuwa, gaskiyar yarinyar ce. Tun wajen 2022 matasa a Amurka da Turai da Japan suka shiga farautar tsofaffin ƙananan kyamarori, TikTok na rura wutar. Abin da muke kira aibi a da, filasha mai ƙona goshi da kwanan wata ruwan goro a gefen hoto, shi suke saya da tsada. Sababbin ma abin ya shafe su: Fujifilm X100VI da ta fito a 2024 a kan kusan dala 1,600, sai da mutane suka yi watanni suna jiran layi ya zo kansu. Na ji daɗi, amma da sauran rina a kaba. Na ga ƙawayenta a wani biki, kowacce da tata rataye a tsintsiyar hannu, an zaɓo kalar da ta shiga da anko. A ɗauki goma sha biyu a gaban furannin ado, a zare kati a juye a waya, a ɗora, an gama. Kwanon jere ne dai ya sauko daga kabet ya koma hannu. In yayin ya wuce, durowar na nan inda take.

Duk da haka na ba ta. Na sha yawo kafin na samu batirin da ya shiga, na wani kamfani da ban taɓa jin sunansa ba, a wani shago can cikin Sabon Gari. Na gindaya mata sharaɗi ɗaya: kar ta dawo mini da ita sai lambar ta haura 5,000, ko kuma ta mutu a hannunta, ba zan tambayi dalili ba. Ta ce, "Kawu, har a gida ma in riƙa ɗauka? To me za a ɗauka a gida?" Na ce ta fara da kakarta.

Da Sallar da ta wuce ta zo da ita, lambar na kan 2,310. Na bi su a kwamfuta. Fiye da rabi fuskarta ce da ta ƙawayenta, an turo baki. Amma a tsakiya akwai guda bakwai da ta ɗauka wata safiya a gidanmu: Hajiya a kan tabarma tana tsinke zogale, tsohon faranti a cinyarta, ba ta ma san ana ɗauka ba, hantsi ya sauka a kan hannuwanta. Ɗaya ya girgiza, biyu an yanke mata ƙafa. Na zaɓi na huɗun na kai shagon hoto, na ce a wanke mini uku, ɗaya nawa, ɗaya na Yaya, ɗaya na uwar yarinyar. Ita kuwa mai kyamarar ta biyo ni har bakin mota tana cewa batirin nan hoto arba'in yake yi ya mutu, in ƙaro mata kuɗi ta sayi na biyu.